Hoton Gawa ko Feɗe Ta: Wanne Zai Bayyana wa Iyali Abin da Ya Kashe Mamacinsu?

A tsakanin wata guda na shekarar 1998 an yi manyan rashi biyu a Abuja. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, aka kai shi Kano aka yi masa sutura a ranar, ba tare da an binciki gawarsa ba. Cif Moshood Abiola ya rasu ranar 7 ga Yuli yana tsare, aka jinkirta jana'izarsa har sai da likitoci daga Amurka da Ingila da Kanada suka zo suka buɗe gawar, suka ce daɗaɗɗen ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa. Dukansu Musulmi ne, kuma har gobe ana ce-ce-ku-ce a kan rasuwar kowannensu, sai dai a kan ɗaya akwai rahoton likitoci da mai musu zai ɗauka ya yi jayayya da shi, a kan ɗayan kuwa babu abin riƙewa sai ji-ta-ji-ta.

A wancan lokaci hanya biyu ce kawai a gaban iyali a ƙasar nan: ko a feɗe gawa, ko a rufe ta da tambayar da ke kanta. Yanzu akwai ta uku, wato a sa gawar cikin na'urar ɗaukar hoton ciki irin wadda ake sa mai rai, a duba ta daga ka zuwa tafin ƙafa ba tare da wuƙa ta taɓa ta ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar mutuware yana jiran a ba shi ɗan'uwansa, ga mota tana jira za a kama hanyar Katsina ko Sakkwato, ko kuma an riga an sanar da sallar jana'iza a Masallacin Ƙasa bayan Azahar, ya san dalilin da zai sa mutum ya rungumi wannan hanya da hannu biyu. Abin da nake so mai karatu ya auna shi ne, hoton yana amsa wasu tambayoyi fiye da wuƙa, wasu kuma ba ya iya amsa su ko kaɗan, kuma galibin tambayoyin da suka fi hana iyalanmu barci suna cikin kashi na biyu.

Ya kamata a fara da bayyana abin da ake yi a binciken gawa na asali, domin tsoron da mutane suke yi masa ya wuce abin da yake a zahiri. Likitan da ya ƙware a binciken cututtuka yakan fara da duba bayan jiki, ya rubuta duk wani rauni ko tabo ko alamar allura. Daga nan ya tsaga gaban jiki daga ƙirji zuwa mara, ya fitar da zuciya da huhu da hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, ya auna nauyin kowanne, ya yanka ya duba launinsa da taurinsa. Idan ana buƙatar ganin ƙwaƙwalwa, ta bayan kai ake bi, cikin gashi, yadda fuska ba za ta canja ba. Yakan yanki ɗan guntun nama daga kowace gaɓa don a duba da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ɗebi jini da fitsari da abin da ke cikin tumbi. Sauran a mayar da su ciki a ɗinke. Aikin kansa awa biyu ne zuwa huɗu, kuma bayan an gama ana iya yi wa mamaci wanka a sa masa likkafani kamar kowa. Abin da ke ɗaukar makonni shi ne sakamakon ɗakin gwaji, wanda ba ya hana a rufe gawa.

Hoton gawa kuwa ba sabon abu ba ne ta wata fuska, domin tun jim kaɗan bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895 aka soma amfani da shi wajen neman harsashi a jiki. Abin da ya sauya lamarin shi ne siti-sikan, wanda aka fara ɗaukar majiyyaci da shi a Landan a 1971. Na'urar tana zagaya jiki da hasken eksire, kwamfuta ta fitar da hoton jikin yanki-yanki kamar an yanka burodi sala-sala, sa'an nan a iya harhaɗa su a juya ta kowane ɓangare. Ɗaukar gawa gaba ɗaya 'yan mintuna ne, kuma ba sai an buɗe jakar da take ciki ba. Akwai kuma em-ar-ai, mai aiki da maganaɗisu, wanda ya fi nuna tsoka da ƙwaƙwalwa amma ya fi tsada da ɗaukar lokaci. Wajen shekarar 2000 wasu likitoci a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan, Richard Dirnhofer da Michael Thali, suka mayar da abin tsararren fanni. A birnin Manchesta na Ingila kuwa, tun 1997 aka fara ɗaukar gawa da em-ar-ai, kuma Yahudawa ne da Musulmi suka fi nemansa, saboda su ma suna gudun a yanka mamaci kuma suna son gaggauta binnewa.

Inda hoto ya yi wa wuƙa fintinkau shi ne ƙashi da ƙarfe da iska. Likita mai feɗe gawa ba ya son taɓa fuska, kuma ba kasafai yake tona ƙashin wuya ko na ƙugu ko na baya ba, alhali siti-sikan yana nuna ɗan tsagi a kowane ɗaya daga cikinsu. Harsashi da ɓaraguzan bam suna fitowa ƙarara, a san inda suke da hanyar da suka bi, abin da kan ɗauki mai wuƙa dogon lokaci yana lalube. Iska kuma, da zarar an tsaga ƙirji ta fice ke nan, don haka idan iskar da ta taru ta danne huhu ce ta kashe mutum, ko wadda ta shiga jijiyar jini, hoton da aka ɗauka kafin a buɗe ya fi nuna ta. Haka nan jinin da ya zuba a cikin kai ko a ƙirji ko a ciki, idan yana da yawa, ba ya ɓuya. Ke nan wanda mota ta buge a hanyar filin jirgin sama ko ta Kubwa, ko wanda ya faɗo daga ginin da ake ginawa, ko wanda aka harba, hoto zai faɗi kusan duk abin da ake nema a kansa.

Amfaninsa ya fi fitowa idan gawarwaki sun yi yawa ko sun ƙone. Lokacin da gobarar daji ta kashe mutum 173 a jihar Biktoriya ta Ostareliya a 2009, cibiyar binciken gawa ta Malbon ta yi amfani da siti-sikan wajen tantance shekaru da jinsi da haƙora da ƙarafan da aka taɓa sa wa mutane a asibiti, domin a san wane ne wane. Wanda ya tuna halin da iyalai suka shiga bayan tashin bam na tashar Nyanya a watan Afrilun 2014, suna zagaya asibitoci suna neman nasu, zai gane darajar wannan. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Feɗe gawa sau ɗaya ake yinsa da kyau, wanda ya zo na biyu aikin na farko zai tarar, kuma bayan an binne sai abin da aka rubuta. Hoto kuwa yana nan a ajiye. Ana iya tura shi ta intanet ga wani ƙwararre a wata ƙasa, ana iya buɗe shi bayan shekara goma idan shari'a ta taso, kuma ana iya nuna wa alƙali ko uwar mamaci ba tare da an nuna masu jini ba.

Sai dai mafi yawan mutane ba harsashi ne ke kashe su ba. Ma'aikaci ne zai yanke jiki ya faɗi a ofis, ko magidanci ya kwanta lafiya a wayi gari babu shi, kuma a nan ne raunin hoto yake. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a Manchesta da Okisfod a kan gawar manya 182, inda aka ɗauki kowace a hoto sa'an nan aka feɗe ta, aka gwada amsoshin biyu. A kashi 32 cikin 100, dalilin mutuwar da siti-sikan ya bayar ya yi babban saɓani da abin da aka gani da aka buɗe. Em-ar-ai, duk da tsadarsa, ya fi muni, domin saɓaninsa ya kai kashi 43 cikin 100. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ko a gawarwakin da masu karanta hoton suka ce sun gamsu babu buƙatar a feɗe, an samu babban saɓani a kashi 16 cikin 100 na siti-sikan. Cututtukan da suka fi kuɓuce wa hoton su ne toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, da gudan jini da ke toshe jijiyar huhu, da namoniya, da wasu cututtukan ciki. Waɗannan kuwa su ne manyan masu kashe mutum farat ɗaya, kuma irin ciwon da aka ce an samu a zuciyar Abiola yana cikinsu.

Dalilin wannan rauni yana da sauƙin fahimta. Idan za a duba jijiyoyin mai rai, wani ruwa ake ɗura masa, zuciyarsa ta zagaya da shi, jijiyoyin su haska a hoto. Zuciyar mamaci ta tsaya, babu mai tura ruwan. Bayan haka jiki yana soma canjawa tun daga lokacin da rai ya fita. Jini yana kwantawa a ɓangaren da ke ƙasa, sai bayan huhu ya yi duhu kamar mai namoniya. Jini yana daskarewa a manyan jijiyoyi, kuma a hoto da wuya a rarrabe gudan da ya yi bayan mutuwa da wanda ya jawo ta, alhali likita da ya ɗauke shi a hannu yakan gane daga launinsa da yadda ya manne. Ƙwayoyin cutar hanji suna fitar da iska, ta bazu cikin jijiyoyi, ta yi kama da iskar da ke kisa, kuma a zafin Abuja na Maris da Afrilu wannan ba ya jiran kwana biyu idan gawa ba ta shiga sanyi ba. Hatta haƙarƙarin da ya karye lokacin da ma'aikatan asibiti suke danna ƙirji don farfaɗo da mutum, wanda bai saba da hoton gawa ba yana iya ɗaukarsa alamar duka, ya haddasa fitinar da ba ta da tushe.

Masu fannin sun nemo mafita. A Lozan ta Suwizalan, Silke Grabherr da abokan aikinta sun ƙirƙiro hanyar tura wani ruwa mai maiƙo cikin jijiyoyin gawa da famfo, ta wani ɗan yanka a matsematsi. A Lesta ta Ingila kuma aka bi ta ɗan yanka a wuya, a zura siririn bututu zuwa bakin zuciya, a haska jijiyoyinta kaɗai. Da aka gwada wannan hanya ta biyu a kan gawarwaki 210, aka buga sakamakon a Lancet a 2017, an samu dalilin mutuwa a kashi 92 cikin 100, babban kuskure ya sauko zuwa kashi 6, har ma akwai kashi 5 da hoton ne ya gano abin da feɗewa ta tsallake. Duk da haka wuƙa ta ci gaba da fin hoto gano gudan jinin huhu. Wannan ci gaba ne na gaske, amma a lura da abu biyu. Na farko, an riga an bar maganar "ba a taɓa gawa ba", tunda akwai yanka ko da ƙarami ne. Na biyu, waɗannan alƙaluma na ƙungiyar da ta shafe shekaru tana wannan aiki ne, ba za a jingina su ga duk wata na'ura da aka tura gawa ciki da dare ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace yawo a gidajen makoki: an sa masa guba? A nan hoto ba shi da abin cewa, kuma feɗewa kaɗai ma sau da yawa ba ta da shi. Ɗakin gwaji ne ke amsa ta, ta hanyar jinin da aka ɗebo daga jijiyar cinya, da fitsari, da ruwan cikin ƙwayar ido, da abin da ke cikin tumbi, da guntun hanta. Yawancin waɗannan ana ɗebo su da allura. Ruwan ƙwayar idon ma yana nuna ko sukari ya yi mummunan hawa kafin mutuwa. Saboda haka iyalin da zarginsu guba ce, ko hayaƙin janareta, ko shan magani fiye da kima, idan suka kashe kuɗinsu a kan hoto suka rufe gawa ba a ɗebi komai ba, sun sayi amsar tambayar da ba su yi ba. Abin da ya wajaba a gare su shi ne a ɗebi samfurin da wuri, a rufe shi a sa hannu, a rubuta wanda ya karɓa daga hannun wa, domin lauyan wanda ake tuhuma a nan zai fara kai hari.

Haka lamarin yake ga mutuwar da ta faru a gadon asibiti, inda iyali ke zargin sakaci. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, wanda aka buga a Amurka a 2003, ya nuna cewa a kusan gawa ɗaya cikin huɗu da aka feɗe ana samun babbar cutar da likitoci ba su gano ba lokacin da mutum yake raye. A babban asibitin Maputo na ƙasar Mozambik, da aka binciki gawar mata 139 da suka rasu a dalilin ciki ko haihuwa, an samu babban kuskure a ganewar likitoci a kimanin kashi 40 cikin 100, kuma da yawa cututtuka ne masu kamawa waɗanda suke da magani. Irin waɗannan cututtuka, wato zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da tarin fuka, da ƙwayar cuta da ta shiga jini, su ne suka fi yawa a wurinmu, kuma a hoto iyakar abin da za a gani shi ne kumburi ko inuwa. Sai an sa naman a ƙarƙashin madubi ko an shuka shi a ɗakin gwaji ake sanin sunan cutar. Ya kamata a tuna cewa alƙaluman Ingila da na kawo an samo su ne daga al'ummar da tsofaffi da masu ciwon zuciya suka fi yawa a cikin mamatanta. A ganina, a ƙasar da zazzaɓi ke kashe matasa, hoto kaɗai zai fi haka kuskure.

Ban ce feɗewa ba ta da iyaka ba. Wanda bugun zuciyarsa ya rikice ya faɗi nan take, ko mai farfaɗiya da ya mutu cikin barci, ana iya buɗe shi a rufe ba a ga komai ba. Iyali su shiga da sanin cewa ko an yi duka biyun, amsar tana iya zama "ba a tabbatar ba".

Jarirai su ne wurin da em-ar-ai ya fi amfani. A wani bincike na Landan da aka buga a 2013 a kan 'yan tayi da jarirai da yara 400, haɗa em-ar-ai da gwajin jini da duba mabiyiya ya yi daidai da cikakken binciken gawa a kimanin kashi 89 cikin 100. Ya fi dacewa a kan 'yan tayi da waɗanda aka haifa babu rai, ya ragu ƙwarai a kan yaran da suka tasa, saboda namoniya da kumburin tsokar zuciya suna kuɓuce masa. Matar da ta yi ta haihuwa ba rai, tana son sanin ko akwai wata naƙasa da za ta maimaitu a ciki na gaba, wannan hanya za ta iya taimaka mata ba tare da an yanka ɗan ba. Akwai kuma wata hanya ta tsakiya wadda na fi ganin ta dace da halinmu, domin ba ta buƙatar babbar na'ura: a soka doguwar allura a ɗebo ɗan nama daga huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, tare da jini da ruwan ƙashin baya. Shirin CHAMPS mai binciken mutuwar ƙananan yara yana aiki da ita a ƙasashe irin su Kenya da Mozambik da Habasha da Saliyo, har da Mali da Bangaladash inda Musulmi suka fi yawa, kuma iyaye da dama sun amince da ita saboda ba ta barin komai a jiki sai alamar allura.

Ta fuskar addini, ƙyamar da muke yi wa feɗe gawa tana da tushe. Hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma umarnin gaggauta jana'iza yana cikin Buhari da Muslim. Amma malamai ba su rufe ƙofa ba. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta feɗe gawa a 1396 bayan Hijira domin binciken laifi da kuma gano annoba, sa'an nan Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi makamancin wannan hukunci a 1408, da sharaɗin kada a wuce gwargwadon buƙata, mata su duba mace idan akwai su, kuma a binne dukkan sassan jiki. Wannan sharaɗi na gwargwadon buƙata shi ne ya ba hoto matsayinsa. Idan zai wadatar, hujjar yanka ta faɗi. Idan ya nuna cewa matsalar a ƙirji take, babu dalilin buɗe kai. Idan kuwa haƙƙin jinin wani ya rataya a kan abin da hoto ba ya gani, to larurar tana nan yadda take.

Ba kullum zaɓin yake hannun iyali ba. Idan mutum ya mutu ta hanyar kisa, ko haɗari, ko a hannun jami'an tsaro, ko cikin yanayin da ake tuhuma, 'yan sanda kan kai rahoto ga majistaren da doka ta ɗora wa binciken mutuwa, kuma idan ya ba da umarnin a binciki gawa, rashin amincewar dangi ba ya soke umarnin. Abin da iyali za su iya shi ne su roƙa, ta bakin lauya ko babbansu, a gaggauta aikin, a taƙaita yankan, kuma a bar likitan da suka amince da shi ya halarta. Idan kuwa asibiti ne ke son sanin abin da ya kashe majiyyacinsa, sai da izinin dangi, kuma suna iya cewa a buɗe ƙirji kawai ko a ɗebi samfuri da allura kawai. A kotu, hoton siti-sikan shaida ce da kwamfuta ta fitar, don haka sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, kuma sai ƙwararre ya tsaya ya yi bayaninsa an yi masa tambayoyi. Alƙalanmu da lauyoyinmu sun saba da rahoton likitan da ya buɗe gawa. Wanda yake son a hukunta wani a kan kisa, bai kamata ya sa shari'arsa ta zama wurin gwada sabon abu ba.

Sai kuma halin da ake ciki a Abuja. Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada suna da sashen binciken cututtuka da likitocin da aka horar a kan feɗe gawa, domin yana cikin karatun ƙwarewarsu. Na'urorin siti-sikan da ke asibitocin birnin, na gwamnati da masu zaman kansu, an sayo su ne domin masu rai, kuma masu ran suna kan layi. Ɗaukar gawa da su yana buƙatar amincewar hukumar asibiti, da lokacin da babu majiyyata, da jaka mai rufi sosai, da tsabtace ɗaki bayan an gama, da motar da za ta kai ta dawo da ita. Abin da ya fi na'urar muhimmanci shi ne mai karanta hoton, domin likitan da ya ƙware a hoton masu rai bai zama lallai ya san canje-canjen gawa ba. Kafin iyali su biya ko sisi, su tambayi wanda zai karanta, ko ya taɓa karanta na gawa, kuma wane likita ne zai sa hannu a takardar shaidar mutuwa bisa wannan hoton. Tambayar ƙarshe ba ƙarama ba ce a birnin ma'aikata, inda haƙƙin fansho da inshorar rai na mamaci suka rataya a kan wannan takarda. Idan babu gamsasshiyar amsa, gaggawar da aka nema da hoto tana iya komawa jinkirin da ya fi na feɗewa.

Ga 'yan'uwanmu Kiristoci, waɗanda kan ajiye gawa makonni kafin a kai ta gida, matsin lokaci bai kai haka ba, amma akwai wani tarko. Allurar hana ruɓewa da ake yi a mutuware tana wanke jini, tana ɓata gwajin guba da na ƙwayoyin cuta, tana kuma sauya abin da hoto zai nuna. Duk wanda yake da shakka a kan mutuwa, Musulmi ne ko Kirista, maganarsa ta farko ga ma'aikacin mutuware ita ce a sa a sanyi, kada a yi allura.

Idan wani ya nemi shawarata, zan fara tambayarsa abin da yake son sani. In haɗari ne da kowa ya shaida, kuma ba a tuhumar kowa da ganganci, duba bayan jiki da siti-sikan sun isa, a ƙara da ɗiban jini idan ana son sanin ko direba ya sha wani abu. In babban mutum ne ya faɗi ba zato, em-ar-ai asarar kuɗi ne, siti-sikan kuma zai taimaka ne idan jini ya fashe a ka ko babbar jijiya ta tsage. Idan bai nuna haka ba, a yarda a buɗe ƙirji kaɗai, musamman idan mamacin matashi ne, domin wasu cututtukan zuciya na gado ne kuma sanin su yana iya ceton ƙannensa da 'ya'yansa. In ana zargin zazzaɓin Lasa ko makamancinsa, kada a buɗe kuma kada a yi yawo da gawar zuwa ɗakin hoto, jami'an lafiya ne za su ɗebi samfuri su kula da sutura. In kuwa mutuwa ce bayan tiyata, ko wajen haihuwa, ko a tsare, ko ana zargin shaƙewa ko duka, ni ban ga abin da zai maye gurbin cikakken bincike ba, a ɗauki hoto kafin a fara idan da hali.

Iyali su tsai da shawara a ranar farko, kafin wanka, su wakilta mutum ɗaya da zai yi magana da likita da 'yan sanda. Waɗanda suka rufe da gaggawa sa'an nan zargi ya taso bayan sadakar bakwai ko ta arba'in, abin da ya rage masu shi ne neman izinin hukuma a tono kabari, kuma a lokacin galibi ƙashi da harsashi ne za su ba da tabbatacciyar shaida, domin zuciya da huhu da jinin da za a gwada sun riga sun lalace.